Wane gari ne wannan? Biranen Nijar na rasa kamanninsu

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Gari ma yana da tasa fuskar. Akwai biranen da ko ɗan lakwal aka nuna wa hotonsu ba zai jira a karanta masa rubutun da ke ƙasa ba kafin ya faɗi sunansu. Doguwar hasumiyar ƙarfe mai ƙafa huɗu, wadda aka gama a 1889, ta Faris ce. Koriyar ƙubba ta Madina ce. Ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa sarin kaya Dubai ba ya ɓatan benen nan mai tsawon mita 828. Mai zuwa Kano ya san dutsen Dala tun daga nesa, mai zuwa Katsina ya san hasumiyar Gobarau.

To, Nijar fa? A ɗauki hotunan manyan biranen jihohi takwas: Agadas, Damagaram, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Yamai. A shimfiɗa su gaban ma'aikacin da aiki ya yawata da shi jiha huɗu ko biyar, ko gaban direban da ya ƙare ƙuruciyarsa bisa hanyar Yamai zuwa Difa. Nawa zai ambata ba tare da ya yi canki-canki ba? Agadas zai gane ta nan take. Damagaram zai gane ta in an ɗauki hoton a Birni. Yamai kuma in kogi ya fito. Sauran sai dai a yi ta lalube. In kuwa a sababbin unguwanni aka ɗauki hotunan, har waɗancan ukun ma sun ɓace masa: katangar siminti ɗaya, ƙofar ƙarfe ɗaya, rufin kwano ɗaya, jerin shaguna ɗaya. Wannan hali bai kamata a ɗauke shi abin wasa ba, domin akwai dukiya da tarihi da mutuncin ƙasa a cikinsa.

Abin da magabata suka bari

Agadas ba ta samu fuskarta a banza ba. Hasumiyar babban masallacinta, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka gina ta tun farkon ƙarni na 16, aka sake ta da ita a 1844. Itatuwan da ke leƙowa daga jikinta suna riƙe ginin, kuma su ne matakalar magina idan lokacin yaɓe ya zo. Ashe wanda ya gina ta ya yi tunanin wanda zai gyara ta bayan ransa. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin jerin kayan tarihin duniya. Daga cikin wurare uku na Nijar da ke wannan jeri, shi kaɗai ne aikin hannun ɗan Adam; sauran biyun, wato Abzin da Tenere da kuma gandun dajin W, halittar Ubangiji ce.

Damagaram kuwa duwatsunta ne ke fara gabatar da ita, manya-manya, a tsakiyar gari, sa'an nan fadar sarki, da lungunan Birni, da gidajen Zango masu zanko a kai da zane a goshi. Sarki Tanimu ne ya kewaye garin da ganuwa a tsakiyar ƙarni na 19, amma abin da ya rage na ganuwar a yau bai taka kara ya karya ba. Nan ne hedkwatar mulkin mallaka ta zauna kafin a mai da ita Yamai a 1926, kuma barikin soja da Faransawa suka gina bisa tudu ya shiga cikin kamannin garin, ko ana so ko ba a so.

Yamai kogin Isa ne fuskarta, da gadar Kenedi da aka buɗe a 1970. Duk ɗan Nijar da ya mallaki hankalinsa, in ya ga hoton wannan gada, ba siminti kaɗai yake gani ba. Yana tuna ranar 9 ga Fabrairu 1990, ranar da aka buɗe wa ɗalibai wuta a bakinta, uku suka rasa rayukansu, abin da ya share hanyar Babban Taron Ƙasa na 1991. Zauren wasannin da aka yi taron a cikinsa ma ya ɗauki sunan ranar buɗe shi, 29 ga Yuli. Gini kan zama shaida a gaban tarihi. Wanda ya rushe shi ko ya sake masa kama ya kori mai shaida ne daga kotu.

Maraɗi labarinta daban ne, kuma akwai darasi a ciki. Katsinawan da suka kafa sarautarsu a can bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, a cikin kwarin Gulbi suka zauna. Ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin, masu mulkin lokacin suka mai da mutane bisa tudu, suka yanka musu tituna miƙaƙƙu kamar gidan dara. Garin ya bunƙasa, gyaɗa da fatauci suka yi masa riga da wando, alhazansa suka yi suna har ƙetare. Amma ruwa ya riga ya tafi da tsohuwar fuskarsa, dukiyar da ta biyo baya kuma ba ta damu da ƙera masa wata ba. Shi ya sa birnin da ake kira cibiyar kasuwancin ƙasa yake wahalar ganewa a hoto, in ba fadar sarki ko wani babban masallaci aka ɗauka ba.

Ranar da bango ya faɗi

A farkon watan Satumba na 2024, tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya ruguje bayan ruwan sama mai yawa. Mutane na tsaye da wayoyinsu suna ɗaukar hotonsa yana zubewa. Daminar wannan shekara ta kashe sama da mutum 300 a faɗin ƙasa, ta kuma shafi fiye da mutum miliyan guda, har tsohon garin Agadas bai tsira daga ɓarna ba. Babu mai hankalin da zai kwatanta bango da ran ɗan Adam. Amma dole a yi tambaya: ginin da ya ga damina sama da 150 yana tsaye, me ya sa ya kasa ganin ta 2024?

Ruwan ya yi yawa, gaskiya ne. Sai dai ginin ƙasa ba ya mutuwar farat ɗaya. Yakan daɗe yana kuka: tsaga nan, zaizaya can, indararo ya toshe, gindi ya jiƙe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun 2006 Nijar ta miƙa sunan Birnin Damagaram da fadarsa cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta karɓa, tare da fadar Jarmakoy ta Doso da masallatan ƙasa na jihar Tawa. Tun 30 ga Yuni 1997 kuma akwai doka mai lamba 97-022 game da kare kayan tarihi da al'adun ƙasa. Takarda dai an rubuta ta, an sa hannu, an buga hatimi. Amma takarda ba ta yaɓe bango.

Laifin wa?

Na farko dai gwamnatocin da suka shuɗe. Bikin 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi jiha-jiha ya zuba kuɗi masu yawa a birane: Doso Soga a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018, Tilaberi Candalo a 2019, sa'an nan Difa. Ba a musun amfanin da aka samu: an shimfiɗa kwalta, an sa fitilu, an gyara filayen jirgi da masaukin baƙi. Amma a dubi hotunan da suka fito daga waɗannan bukukuwa. Dandalin faretin wannan gari ƙanen na wancan ne, shataletale iri ɗaya, fitilu iri ɗaya, fenti iri ɗaya. Kamar tela guda ne ya ɗinka wa yara bakwai rigar salla da yadi guda, bai auna ko ɗaya ba. Da an ware ko kaɗan daga wannan dukiya domin tsofaffin unguwanni, da an ƙarfafa gindin bangaye da dama kafin daminar 2024.

Haka aka yi a Yamai gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019. An gina manyan otal-otal da sabon zauren filin jirgi, an ƙawata tituna. Birnin ya yi kyau, amma wanda aka nuna wa hoton benen gilashi ba zai iya rantsuwa ko Yamai ce, ko Lome, ko Kigali ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Kafin nan Ƙaramar Kasuwa, Habu Ganda, wadda ke cikin wuraren da ake gane Yamai da su, ta ƙone a 2012, ba ta kuma dawo yadda aka san ta ba. Babbar Kasuwa ma gobara ta cinye ta a 1982, sai dai ita an sake gina ta, aka buɗe a 1987, da siffar da har gobe ake gane ta da ita. Ashe in an so ana iyawa.

Na biyu ma'aikatan bariki. Harshen takardun filaye, wanda aka gada daga Turawa, yana kiran siminti da kwano kayan gini na dindindin, ginin ƙasa kuwa na wucin gadi. Hasumiyar da ta shekara ɗaruruwa a tsaye ta wucin gadi ce ke nan, shagon bulo da ya tsage kafin a gama biyan magini shi ne na dindindin! Wannan kalma guda ta yi ɓarnar da ruwa bai yi ba, domin ta koya wa mutane jin kunyar gidan ubansu. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar izinin gini yakan duba iyakar fili da kuɗin hatimi. Da wuya ya tambayi abin da za a rushe kafin a gina.

Na uku masu dukiya. Sau nawa aka ga gidan gado mai zaure da soro, mai bakan gizo da azara, magada sun sayar, wanda ya saya ya kawo lebura, cikin kwana uku an mai da shi fili, bayan wata shida jerin shaguna sun tsaya? Ba a hana ɗan kasuwa neman riba. Amma attajiran da, waɗanda suka gina gidajen Zango, su ma ƴan kasuwa ne, sun san riba da faɗuwa. Sun ga cewa goshin gida shi ke faɗin sunan mai gida, suka biya magina da masu zane. Attajirin yau yakan sayo hoton gida daga Dubai, ya liƙa wa bango tangaran mai ƙyalli, ya ɗora gilashin da ke mai da ɗaki tanda a watan Afrilu.

Hujjar masu siminti

Akwai masu cewa wannan duk zancen ƙoshi ne. Hujjarsu ita ce gidajen ƙasa ne ke faɗa wa mutane cikin dare kowace damina, yaɓen kowace shekara yana cin kuɗi da ƙarfi, azara ta yi tsada saboda giginya ta yi ƙaranci, kuma wanda ke kwana a gidan siminti mai na'urar sanyi ba shi da bakin ce wa talaka ya zauna a ginin ƙasa don baƙo ya zo ya ɗauki hoto. Wannan magana tana da nauyi, ba a ture ta da hannun hagu. Babu wanda zai yarda a riƙe talaka a cikin ɗakin da zai zama kabarinsa.

Amma a bi abin daki-daki. Ruwa ta wuri biyu yake kashe ginin ƙasa: ta kai da ta ƙafa. Ta kai idan rufi ya tsage ko indararo ya toshe. Ta ƙafa idan ruwa ya kwanta a gindin bango. A birane da dama an ɗaga tituna, an shimfiɗa kwalta ba tare da isassun magudanai ba, waɗanda ake da su kuma leda ta cushe su, ruwan da da yake wucewa sai ya koma cikin tsofaffin unguwanni. An kuma yanka filaye a cikin fadamu da hanyoyin ruwa, an sayar wa mutane. A irin wannan wuri ko bulo ba ya tsira. Wasu kuma, da niyyar gyara, sukan shafe bangon ƙasa da siminti, laima ta maƙale a ciki ba ta da mafita, bango ya ruɓe a ɓoye har ranar da zai zube gaba ɗaya. Maginan da sun san makuba da katsi da laso, abubuwan da ke korar ruwa su bar bango ya sha iska. Wannan ilimi yana mutuwa tare da masu shi.

Sa'an nan ga zafi. Bango mai kauri na ƙasa yana riƙe sanyin dare ya kai shi rana, ɗakin kwano kuwa sai da fanka. Lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agusta na 2023, mazauna birane sun gane bambancin ɗakin da ke numfashi da kansa da wanda ke jiran lantarki.

Kuma ba a rasa misalin sabon gini mai fuskar gida ba. A ƙauyen Yama, cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, mutanen gari na kawo ruwa da tubali. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine, wadda manyan masana na duniya ke takara a kanta. A Dandaji, cikin jihar dai, Mariam Isufu Kamara, ƴar ƙasa masaniyar tsara gini, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, sun mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. A Yamai ma an gina rukunin gidaje masu bene da irin wannan tubali a 2016. Gidan tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1959, yake ɗauke da sunan Bubu Hama, da siffar ginin Hausa aka ƙawata ɗakunansa, kuma ba a ɓatan hotonsa. A Mali, mutanen Jenne kan fito kwansu da kwarkwatarsu kowace shekara su yaɓe masallacinsu da aka sake ginawa a 1907, ranar ta zama biki. Ƙasa dai ita ce ƙasa. Bambancin kula ne.

Abin da ke cikin riba

Ga ɗan kasuwa, lissafin a fili yake. Kafin tawayen 2007 da sace-sacen baƙi da suka biyo baya, hoton hasumiyar Agadas kaɗai ya ciyar da masu masauki, direbobi, maƙeran azurfa da dukawa. Rashin tsaro ya kori baƙi, amma tsaro abu ne da kan tafi ya dawo. Ginin da ya faɗi shi ne ba ya dawowa. Ranar da hanya ta sake buɗewa, me za a nuna wa mai zuwa? Ba wanda zai biya kuɗin jirgi don ya ga shagon bulo irin wanda ya baro a garinsu.

Akwai kuma wata riba da ba a cika lura da ita ba. A wannan zamani hoto kan zagaye ƙasa ta WhatsApp da Facebook kafin rediyo ta buɗe baki. Akan ɗauko hoton gobara, ko ambaliya, ko tarzoma daga wata ƙasa, a rubuta sunan wani garin Nijar a ƙasansa, hankalin jama'a ya tashi, farashi ya motsa a kasuwa, wani lokaci har a ɗauki gaba. Wanda ya san garinsa ba a yi masa wannan wasa. Zai duba siffar hasumiya, ya duba tudu ko dutsen da ke baya, ya duba ko taksi mai jan kai ce irin ta Yamai, ya duba harshen da ke jikin allunan shaguna da lambar motoci, ya ce wannan ba nan ba ne. Amma in duk garuruwa sun zama tagwaye, maƙaryaci ya samu kasuwa. Garin da ba shi da kama, kowace ƙarya tana iya aron sunansa.

Abin yi

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abu na farko, kowace ma'aikatar magajin gari ta zauna da fadar sarki da sarkin magina, a rubuta jerin gine-ginen da ba a taɓa su sai da izini: masallatai, zauruka, ƙofofi, tsofaffin kasuwanni, har da itatuwa da duwatsun da ake gane gari da su. A ɗauki hoton kowane ɗaya ta fuska huɗu, a auna shi, a ajiye a ma'aikata da jami'ar jiha. Wannan aiki bai fi ƙarfin ɗalibai goma da wayoyinsu ba.

Na biyu, a sa layin kuɗin yaɓe da gyaran magudanai na tsofaffin unguwanni a cikin kasafin kowace shekara, a fitar da shi tun bazara. Ba a fafe gora ranar tafiya, ba a kuma neman magini ranar da hadari ya haɗu.

Na uku, a cire kalmar wucin gadi daga kan ginin ƙasa mai inganci, a kafa masa ƙa'ida: tushe na dutse ko siminti, kaurin bango, irin rufi. Gwamnati ta fara da kanta. Ajin lakwal, ɗakin shan magani da ofishin gunduma, a gina wasu da tubalin matsi da siffar yankin da suke, a ɗauki tsofaffin magina su koya wa matasa a cibiyoyin koyon sana'a tun suna da rai.

Na huɗu ya rage ga alhazai. Mai ikon gina sabon masallaci a kowace unguwa yana da ikon ɗaukar nauyin yaɓen tsoho guda. Wanda ya sayi gidan gado kuma yana iya barin zaure da goshin gidan, ya yi shagunansa ta baya ko ta gefe. Ba zai yi asara ba, domin shagon da ke da alama shi ake kwatance da shi.

Na biyar, littafin ƴan lakwal. Yaron Tasawa ya kamata ya gane Doso a hoto, yaron Gaya ya gane Mirya, yaron Difa ya gane dutsen da Dogon Dutsi ta samu sunanta daga gare shi. Haɗin kan ƙasa da ake ta wa'azinsa a jawabai yana farawa ne daga sanin fuskar juna.

Damina ba ta jiran a gama taro. Bangayen Birni da Zango, da na Agadas, da na masallatan Adar, suna nan suna jiran hannu, kuma kowace shekara adadinsu raguwa yake yi. Masu iko da masu dukiya na wannan zamani su ne za a tambaya, ranar da jikoki suka ɗauki hoton tsohon garinsu suka rasa wanda zai faɗa musu inda aka ɗauke shi.